Alexander Schallenberg da nauyin mulkin aro

Sau biyu Alexander Schallenberg ya hau kujerar shugaban gwamnatin Ostiriya, kuma babu karon da ya hau ta ta hanyar cin zaɓe. Tarihinsa ya nuna abin da ƙwarewar jakadanci take iya yi wa ƙasa, da kuma inda take gazawa.

An haife shi a birnin Bern a 1969, ɗan jakada ne, ya tashi tsakanin Indiya da Sipaniya da Faransa. Ya karanta shari'a, ya shiga ma'aikatar harkokin waje a 1997, ya yi aiki a ofishin ƙasarsa a Tarayyar Turai, sannan ya zama kakakin ministoci. A 2019, bayan abin kunyar Ibiza ya rushe gwamnatin Sebastian Kurz, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Brigitte Bierlein ta naɗa shi ministan harkokin waje. Da Kurz ya dawo a 2020, ya bar shi a kan muƙamin.

A watan Oktoban 2021 Kurz ya sauka saboda binciken zargin kashe kuɗin jama'a don sayen yabon jaridu. Ranar 11 ga watan aka rantsar da Schallenberg. Tun kafin ya zauna daram, ya bayyana cewa zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Kurz, kuma yana ganin zargin ba gaskiya ba ne. A nan ne ya yi tuntuɓe. Jakada ya saba magana da bakin wanda ya aiko shi, kuma biyayya ita ce adonsa. Amma shugaban gwamnati ba shi da wanda zai fake da shi, kuma bai kamata ya riga masu bincike yanke hukunci ba. Jama'a suka ɗauke shi mai gadin kujera, alhali a makonnin ne ya sanar da matakai masu nauyi: kullen ƙasa baki ɗaya saboda korona, da shirin tilasta rigakafi. Irin wannan umarni yana buƙatar shugaban da mutane suka yarda cewa shi ne mai wuƙa da nama.

Ranar 2 ga Disamba Kurz ya bar siyasa. A ranar Schallenberg ya sanar da murabus, yana mai cewa shugabancin gwamnati da na jam'iyya su kasance a hannu ɗaya. Karl Nehammer ya gaje shi bayan kwana 56, shi kuwa ya koma tsohuwar ma'aikatarsa.

Karo na biyu ya fi dacewa da shi. A Janairun 2025 tattaunawar kafa gwamnati ta watse, Nehammer ya sauka, Shugaba Alexander Van der Bellen ya damƙa masa riƙon ƙwarya. Wannan karon ya fito fili ya ce ba zai shiga gwamnatin Herbert Kickl na jam'iyyar FPÖ mai tsananin ra'ayin riƙau ba. Ya riƙe amanar har 3 ga Maris, ya miƙa ta ga Christian Stocker.

Kayan aro ba ya rufe katara, kuma mulkin 2021 ya gaskata karin maganar. Duk da haka, ƙasar da take da ma'aikacin da zai karɓi mulki cikin rikici ya mayar da shi ba tare da jayayya ba, ta mallaki abin da ƙasashe da yawa suke nema ba su samu ba.