Inci ake saye, ɗigo ake karantawa

Lokacin da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara suka dukufa ga rubuta kundin kammala karatu, shagunan buga takardu kan cika maƙil. Mai shago da allon kwamfutarsa ya mutu yakan yi lissafi mai sauƙi: talabijin mai inci 32 ya fi girma, yana nan a kasuwa, kuma waya guda ta HDMI ta isa ta haɗa shi da kwamfuta. Haka ɗan kasuwa a Bakura ko malamin makaranta a Maradun zai lissafa. Lissafin yana da gurbi babba, domin ba inci ido yake karantawa ba.

Hoton da ke kan kowane allo tarin ƙananan ɗigogin haske ne, jere a layi kamar zaren ɗinkin hula. Yawancin talabijin masu inci 32 da ke da rahusa suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato kaɗan fiye da miliyan ɗaya. Allon kwamfuta mai inci 22 kuwa yakan zo da 1920 a 1080, sama da miliyan biyu. Idan aka raba, talabijin ɗin yana da ɗigo kusan 49 a kowane inci, ƙaramin allon yana da kusan 100. Madinki da ya shimfiɗa zaren hula ɗaya a kan babbar riga ya san abin da zai fito: zane mai warwatse. A gidan kallon ƙwallo wannan ba ya damun kowa, tunda masu kallo suna zaune nesa, kuma ƙafar ɗan wasa ba ta buƙatar kaifi. Mai buga takardu yana zaune ne kamu biyu daga allo, yana bambance ƙ da k, da ɗ da d, a cikin sunan mutum da za a shigar a fom.

Akwai kuma yaudarar kwali. Talabijin da aka rubuta wa "HD Ready" yakan karɓi hoto mai 1920 a 1080, kwamfuta ta nuna wannan lamba a saitinta, alhali allon yana matse hoton ne ya cusa shi cikin ɗigoginsa na asali. Nan ne haruffa kan yi hazo-hazo. Maganin shi ne a saita kwamfutar daidai da ɗigogin talabijin na gaskiya, ko da lambar ta yi ƙasa.

Wani gado daga zamanin talabijin mai ƙeya shi ne yanke gefen hoto, wanda kan ɓatar da layin ƙasa na Windows. LG na kiran saitin da ke kashe shi Just Scan, Samsung kuma Screen Fit. Idan akwai yanayin PC a jerin saituna, a kunna shi, a rage ƙarin kaifin da aka tanada domin fina-finai.

Wanda talabijin ne kaɗai a hannunsa ya gyara waɗannan, ya ja kujerarsa baya. Wanda kuma bai riga ya biya kuɗi ba, ya bar tambayar inci, ya ce wa mai kanti ya nuna masa lambar ɗigogin a takardar bayanin na'urar.