Hani Kaɗai Ba Ya Tsare Rai

A Amurka an daɗe ana ja-in-ja kan masu dirowa da laima daga duwatsu da gadojin gwamnati. Gandun Yosemite ya ba su izini a 1980, ya janye cikin 'yan watanni. Dirowar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma a sace. A 1999 wani ya sauka lafiya daga dutsen El Capitan da ke cikin gandun, amma ya nutse a kogin Merced yana gudun jami'ai. A gadar New River kuwa, mai tsayin mita 267, ana ba su rana guda kowace Oktoba, jiragen ruwa na ceto na jira a ƙasa.

Za a ce rai amana ne, bai kamata hukuma ta ɗaure wa ganganci gindi ba. Gaskiya ne, amma hanin da babu mai tsaronsa ba ya ceton kowa. A nan gida kuwa, yaranmu a Kunduru ba laima suke ɗaurawa ba, alkafura suke yi cikin kududdufi da damina. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa kula da filayen karkara ga ƙananan hukumomi, don haka ya kamata ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada su auna zurfin ruwa, su kafa alama, su sa gwanayen iyo gadi.