Muryar Jeneba Kone da Shirun Kance

A watan Fabrairu na 2007, a birnin Bamako, wata yarinya ƴar Mali mai suna Jeneba Kone ta hau dandali ta rera labarin Bintu Were. Wasan opera ne, wato wasan kwaikwayo wanda ake rera maganarsa da waƙa tun daga farko har ƙarshe. Ze Manel na Gine Bisau ya tsara kiɗan, Kulsi Lamko na Cadi da Wasis Diop na Senegal suka rubuta baitocin. A watan Oktoba na wannan shekara aka kai wasan gidan Châtelet a Paris, Turawa suka yi ta tafi. Cikin Disamba 2011 Jeneba ta rasu a haɗarin mota, tana tsakiyar ƙuruciya.

Akwai malamai da ke ɗaga hanci idan aka ambaci wannan mawaƙiya. Wasu sun ce opera kayan Nasara ne, babu ruwan Bahaushe da shi. Wasu sun ce waƙa roƙo ce, ba sana'ar da za a ɓata alli a kanta ba. To, su dubi abin da ta rera. Bintu Were mace ce mai ciki wadda ta bi ayarin matafiya ta keta Sahara, da nufin ta haihu bayan shingen Meliya, a ƙasar Sifaniya. Shekara shida bayan haka, a Oktoba 2013, aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu daga yankin Kance suka fito. Shin wannan labari na Nasara ne?

Amma masu yabon wasan su ma kada su yi saurin murna. An rera wahalar talakan Sahel a gaban masu kujerun alfarma, da tallafin wata gidauniya ta Holan, alhali uwayen da abin ya shafa ba su ji ko amshi ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laifin kuwa ba na Jeneba ba ne. Ita ta sauke nauyin da ke kanta. Laifin yana wuyan ƙungiyoyin al'adu da suka mai da aikinsu rawar tarbar baƙi, a juya a gaban manya, a karɓi goro, a watse. Ƙasar Damagaram ba ta rasa gado ba. A nan Ma'azu Ɗan Alalo ya yi zamaninsa, a nan Yazi Dogo da abokan wasansa suka nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar dandali. Tatsuniya ma da waƙa a cikinta take tafiya. Abin da ya rage shi ne a haɗa murya da labari a kan abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya.

A kowace makarantar sakandare tsakanin Kance da Matamai akwai yarinya mai zaƙin murya wadda ake tsawata wa ta yi shiru. Malaminta ya rubuta mata baiti, ƙungiya ta ba ta fili, a rera tafiyar 2013 da Hausa a ƙofar fada, inda dangin mamatan za su ji. In ba haka ba, mota za ta sake tashi zuwa Arlit da asuba.