A Mayar Da Murhu Tsohon Kicin

Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muna roƙon a ɗauke murhun makaranta daga rumfar da ke bayan aji ɗaya, a mayar da shi tsohon kicin, wanda yanzu karyayyun bencina ne suka cika shi.

Dalilinmu shi ne tsohon kicin yana da bututun hayaki, rumfa kuwa ba ta da shi. Da hunturu iska takan kwaso hayaƙin ta shigo mana da shi ta taga, ido na hawaye, masu asma na tari. Mu ma da sauƙi. Iyayenmu masu girki tun da sassafe suke cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki ne, ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020.

A darasin kimiyya an koya mana cewa iska mai zafi sama take yi. Shi ya sa bututu yake jan hayaƙi waje, sabuwar iska ta shigo ta hura wuta. Amma sai an gina murhun daidai ƙarƙashin bakin bututun. In aka yi nesa aka haɗa da dogon bututu a kwance, hayaƙin zai riƙa dawowa ɗaki.

Kuma kada a kunna wuta sai an share cikinsa. Ya daɗe ba a amfani da shi, ƙila tsuntsaye sun yi sheƙa, ga tsohuwar kunkunniya wadda ita kanta tana kama wuta. A ƙona ɗanyar ciyawa a gani: ta sama hayaƙin yake fita, ko ta tsagar bango? Taga kuma a bar ta a buɗe ko ana sanyi, domin itace yana fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kisa.

Wasu za su ce babu kuɗi. Ai abu mai tsadar shi ne bututun, kuma yana nan a tsaye. Abin da ya rage magini ne da 'yan bulo. Kwashe bencina kuwa mu za mu yi ranar shara. Muna roƙon Shugaban makaranta ya kai maganar taron iyaye da malamai mai zuwa, kafin hunturu ya kama.