Ra'ayinmu: Zargina da Mafiya, kan macijin yana cikin gari

A watan Oktoban 2025 hukumar FBI ta Amurka ta kama mutum sama da 30 bisa zargin maguɗin caca da karta, har da sanannun mutane a fagen ƙwallon kwando. A cikin takardun tuhumar sunayen gidajen Mafiya huɗu na birnin New York sun fito: Bonanno, Gambino, Genovese da Lucchese. Mutane da yawa sun yi mamaki, don sun ɗauka waɗannan gidaje sun zama tarihi, sai dai a gan su a fim. Ashe suna nan da ransu. Amma wanda ya san ƙarfinsu shekaru 50 da suka wuce zai ga yadda suka rame. Mutanen da a da suke juya ƙungiyoyin ƙwadago da tashoshin jiragen ruwa da kwangilar gine-gine, yau ga su ana kama su a kan teburin karta.

To mene ne ruwan mutumin Garwa da wannan labari? Ruwansa shi ne mu ma muna da namu ciwon, kuma maganin da muke sha shekara da shekaru bai raba mu da shi ba. Yadda Amurka ta karya ƙashin bayan Mafiya yana da darasin da ya kamata hukumomin Yawunde da na jihar Arewa su tsaya su duba.

Ciwon namu kowa ya san sunansa: zargina. A shekarun 1990 tare hanya suke yi, su tsayar da motocin 'yan kasuwa ranar cin kasuwa, su kwashe abin da ke aljihu. Da aka fara yi wa motoci rakiya da sojoji, kuma 'yan kasuwa suka rage yawo da tsabar kuɗi, sai suka sauya sana'a. Suka koma ɗaukar mutane, musamman 'ya'yan makiyaya Mbororo, suna neman kuɗin fansa. Masanin tarihi Saïbou Issa na Jami'ar Marwa ya bi diddigin wannan sauyi a littafinsa kan masu tare hanya da ya fito a 2010. Yau abin ya fi ƙamari a yankin Mayo-Rey, wajen Tuboro da Mbaibum, inda iyakokin Kamaru da Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suka haɗu, da kuma sassan jihar Adamawa. Makiyayi ya sayar da garkensa ya fanshi ɗansa, ya wayi gari ba shi da ko ɗan maraƙi. Manomin auduga ya karɓi kuɗinsa yau, jibi da daddare a buga masa ƙofa. Kuma ba talaka kaɗai abin ke ci ba. A watan Maris na 2015 an sace magajin garin Lagdo, Mama Abakaï, da abokan tafiyarsa a kusa da Garwa-Bulai, ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Yulin 2016.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba, wannan kam dole a faɗa. An kafa rundunar BIR a 2001 musamman don yaƙi da masu tare hanya, kuma manyan hanyoyi sun yi sauƙi bayan zuwanta. A farkon 2019 an tura jandarmomi na musamman zuwa Adamawa saboda yawan satar mutane. Sojoji sun mutu a daji, 'yan banga sun mutu, an ceto mutane da dama. Sai dai bayan kowane samame abin kan lafa na 'yan watanni, sannan ya dawo. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Haka Amurka ta daɗe tana yi kafin ta farga. Mafiya ta yi ƙiba ne lokacin da aka haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, inda fasa-ƙwauri ya koya wa 'yan daban unguwa yadda ake tara jari da sayen 'yan sanda. Shekaru da yawa bayan nan 'yan sanda na kama yaran da aka aika, shugabanni kuwa na zaune a gidajensu, hannunsu bai taɓa bindiga ba. Ko Al Capone na Chicago, da duk jinin da aka zubar a zamaninsa, a kan ƙin biyan haraji aka ɗaure shi a 1931. A 1957 'yan sanda suka yi kiciɓis da taron manyan Mafiya a ƙauyen Apalachin, a 1963 kuma wani ɗan ciki, Joseph Valachi, ya tona asirin ƙungiyar a gaban majalisar dattawa. Duk da haka ba a iya taɓa yawancin shugabannin ba, don doka ba ta da hannun da zai kai gare su.

Abin ya sauya ne da dokar 1970 da ake kira RICO. Ma'anarta a taƙaice: idan aka tabbatar akwai ƙungiya, kuma an aikata manyan laifuka aƙalla biyu cikin shekara 10 da sunanta, to wanda ya ba da umarni da wanda ya ci riba za su amsa tuhuma kamar wanda ya harba bindiga, kuma za a ƙwace dukiyar da aka tara ta wannan hanya. A shekarar ce kuma aka kafa shirin kare masu ba da shaida, inda ake sauya wa mutum suna da gari, shi da iyalinsa. Aka haɗa da sauraron waya bisa izinin alƙali. A 1986 kotu a New York ta sami shugabannin gidaje uku da laifi, Anthony Salerno da Carmine Persico da Anthony Corallo, aka yanke wa kowannensu shekara 100. A shari'ar ne duniya ta ji yadda suke karɓar kashi 2 cikin 100 na duk kwangilar kankare da ta haura dala miliyan 2 a birnin. A 1992 aka yi wa John Gotti ɗaurin rai da rai bayan mataimakinsa Salvatore Gravano ya juya masa baya a kotu. Bayan 2004 har shugaban gidan Bonanno da kansa, Joseph Massino, ya koma ba gwamnati bayanai. A rana ɗaya cikin Janairun 2011 an kama mutum sama da 120.

Mai karatu ya lura da kayan aikin: doka, shaida, bin sawun kuɗi. Babu tankar yaƙi a ciki.

Wani zai ce ina aka haɗu, New York da Mayo-Rey? Gaskiya ne akwai bambanci. Zargina ba su da gidaje biyar masu shugaba da rantsuwa. Gungu ne da ke haɗuwa su watse, wasu tsofaffin 'yan tawaye ne daga ƙetare, kuma idan aka matsa musu sai su tsallaka iyaka. Amma ta fuskar da ta fi muhimmanci kamar an tsaga kara ne: sana'ar ba ta tsayawa da ƙafarta sai da mutanen gari. Baƙon da ya fito daga dajin wata ƙasa bai san wanda ya sayar da bijimai biyar a kasuwar Adumri ba. Bai san ranar da aka biya kuɗin auduga ba, bai san ɗakin da ɗan Alhaji ke kwana ba. Wani ne ya gaya masa. Wani ne ke kai masa gari da sukari da katin waya. Wani ne ke sayen shanun da uban yaro ya sayar da gaggawa a rabin kuɗinsu, wani kuma ke karɓar shanun sata ya sa su a mota. Kuɗin fansa ba a daji ake cinye su ba, gari suke dawowa su zama babura da filaye da shaguna. Da ɗan gari akan ci gari.

Hanyoyin da wannan dukiya ke bi ma ba sababbi ba ne. Hanyar da zuwa-zuwa ke shigowa daga Najeriya, ita ce ƙwayar taramol ke bi, kuma makami ma zai iya bin ta. Ba muna cewa yaron da ke sayar da fetur a kwalba a bakin titin Garwa ɗan fashi ba ne, abinci yake nema. Muna cewa ne duk shingen da aka saba miƙa ɗari biyar a wuce ba tare da an buɗe kaya ba, wata rana abin da zai wuce ta nan ya fi jarka. Mun ga misali a farkon 2012, lokacin da mahaya dawaki ɗauke da manyan bindigogi suka shigo gandun dajin Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye. Hauren bai tsaya a Rey-Buba ba, akwai masu saye a nesa da ke jira.

A nan ne maganar shaida ta shigo. Mafiya na da dokar kame baki da suke kira omerta. Mu namu kame bakin ba rantsuwa ce ta kawo shi ba, tsoro ne. Mutumin ƙauye ya san mai kai rahoto, wataƙila ma sahu ɗaya suke sallah. Amma ya ga an kama wani an sake shi bayan sati biyu, ya ga abin da ya sami wanda ya yi magana. Wa zai kai kansa? Shi ya sa iyalai da yawa ke biyan fansa a ɓoye, ba su ko sanar da jandarma. Wannan shirun shi ne babban jarin zargina.

Kuma harbe wanda aka kama ba ya warware wannan ƙulli. A 1998 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto kan kashe waɗanda ake zargi da fashi ba tare da shari'a ba a Arewa da Arewa Mai Nisa. Ko an ajiye maganar haƙƙin ɗan Adam a gefe, wanda bai kamata a ajiye ba, akwai asara ta aiki: gawa ba ta faɗin wanda ya aike ta. Da an harbe Gravano a titi, da Gotti ya ci gaba da yawo da kwat ɗinsa.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi.

Na farko, a samar da kariya ta gaskiya ga mai ba da shaida. Kamaru ta amince da Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan manyan ƙungiyoyin masu laifi a 2006, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar kan kare shaidu yake magana. A mayar da shi aiki: a ɓoye sunan mai magana, a iya ɗauke shi da iyalinsa zuwa wani gari, a hukunta duk jami'in da ya fallasa shi.

Na biyu, a bi sawun kuɗi. Akwai hukumar binciken hada-hadar kuɗi ta ANIF tun 2005, kuma sanya Kamaru da hukumar FATF ta yi a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Yunin 2023 ya isa ya zama farkawa. Bai kamata aikin ya tsaya a bankunan Duwala da Yawunde ba. Duk shari'ar satar mutum a Garwa ko Cholire ko Ngaundere a haɗa ta da binciken layukan waya, da kuɗin da aka tura ta waya, da dukiyar da ta tsiro dare ɗaya. Italiya ta yi dokar ƙwace dukiyar Mafiya a 1982, a 1996 kuma ta ba da damar mayar da ita ga amfanin jama'a. Abin da kotu ta ƙwace a nan, a fara da mayar wa waɗanda aka talauta.

Na uku, kasuwannin shanu. A Adumri da Ngong da Pitowa a san wanda ya kawo dabba, daga ina, wa ya saya. Sarakunan shanu da dillalai da mahauta sun fi kowa gane saniyar da ba ta da asali. Masu gaskiya a cikinsu, kuma su ne mafi yawa, su za su fi cin moriyar rajista.

Na huɗu, lamidai da jaurawa da limamai. Mai martaba ya san baƙon da ya sauka a ƙasarsa kafin sufurefe ya sani. A ba su hanyar kai bayani ba tare da an jefa su a haɗari ba, wanda kuma aka samu da hannu a ciki, rawani kada ya kare shi, kaki ma haka. A kuma daina yi wa ƙabila guda kuɗin goro. Mbororo su ne suka fi kowa asarar 'ya'ya da dukiya a wannan bala'i.

Na biyar, masu gabatar da ƙara na Garwa da Mundu da Yola su riƙa musayar fayil kamar yadda sojoji ke musayar bayanai. Ɓarawo ya daɗe da sanin cewa iyaka kariya ce gare shi.

Kada a yaudari kowa, wannan hanya ba ta gaggawa ba ce. Amurka ta yi shekara 16 tsakanin kafa dokar RICO da ɗaure shugabannin New York, Italiya kuma ta rasa alƙalai irin su Giovanni Falcone da Paolo Borsellino, waɗanda aka kashe a 1992. Har yau Mafiya ba ta mutu ba, kamen 2025 ya nuna haka. Amma an rage ta daga mai juya birni zuwa mai laɓe a gidan caca, ɗan kwangila a New York na iya zuba kankare ba tare da ya fara neman izininta ba. Abin da makiyayin Tuboro ke nema bai wuce haka ba: ya sayar da sansa a kasuwa, ya koma ruga, ya kwana da 'ya'yansa. Sojan da ke daji ya yi nasa. Saura alƙali, da mai bincike, da mu mutanen gari da muka san abin da muka sani.