Kaset Marar Suna

A wannan watan za mu ajiye zancen makaranta da jarrabawa gefe guda, mu ɗan taɓa kiɗa. Na san ba za a rasa mai cewa ina ruwan malamin makaranta da jita ba. To, abin da zan kawo tarihi ne, kuma wani yanki nasa a nan cikin Tamanrasset aka yi shi, a unguwannin da muke bi kullum.

Duk wanda ya yi wayo a garin nan kafin zuwan wayar hannu ya san irin kaset ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa ko a lokacin Assihar, wanda ba bango, ba hoto, sai dai wani ya sa biro ya rubuta "Santana" ko "Bob" a jikinsa, wani ma ko wannan babu. Matafiya da direbobin manyan motoci ne ke zuwa da su, wasu daga arewa, wasu daga Libiya, wasu daga kudu ta hanyar Agadas da Arlit da In Gezam. Faifan garmaho bai taɓa zama da gindinsa a sahara ba, domin rana tana lanƙwasa shi, yashi yana ƙarce shi, ga shi kuma allurarsa ba ta son girgiza. Kaset kuwa, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, a aljihu ake sa shi, da batir yake aiki, kuma in ka haɗa rikoda biyu ka kwafe shi ke nan. Faifai yana ɗaukar kamar minti 20 a kowane gefe, shi kuwa kaset mai minti 90 yana da 45 a kowane gefe, saboda haka sai a zuba faifan wani mawaƙi ɗungum a gefe ɗaya, a juya a zuba na wani dabam a ɗaya gefen.

Kowane kwafi yana rage tsabtar murya, wannan kowa ya sani. Amma abin da ya fara ɓacewa tun a kwafin farko shi ne rubutun da ke bayan bangon faifan: wa ya rera, wa ya kaɗa, a wane gari, a wace shekara. Haka muka tashi muna jin kiɗan da muka haddace kamar karatun allo, alhali ba mu san masu shi ba.

Bari mu ɗauki kiɗan baƙaƙen fatan Amurka da ake kira soul. Ya yi tashe a Afirka ƙwarai. Nina Simone ta yi wasa a bikin al'adun Afirka da aka yi a babban birnin ƙasar nan a 1969, James Brown ya je Legas a 1970, sannan ranar 6 ga Maris 1971 Wilson Pickett da Tina Turner da Santana suka kwana suna wasa a Akara. Marigayi Ali Farka Toure na Mali ma ya sha faɗin cewa ya saurari James Brown da Otis Redding.

Shi Otis Redding yana da wani faifai mai suna Otis Blue, wanda masana kiɗa ke sawa a sahun farko. Waƙoƙi 11 ne a ciki, kuma goma daga cikinsu a cikin sa'o'i 24 aka ɗauke su, ranakun 9 da 10 ga Yuli 1965. Har sai da aka tsaya da dare domin makaɗan su je su yi wasan da suke samun na cefane a gidajen rawa, suka dawo kafin asuba aka ci gaba. Wurin da aka yi aikin tsohon gidan silima ne a birnin Memfis, wanda kamfanin Stax ya mayar ɗakin ɗaukar murya, daɓen ɗakin ma a karkace yake kamar yadda aka gina shi domin 'yan kallo. Ƙashin bayan kiɗan Stax mutum huɗu ne: Booker T. Jones a kan ogan, Al Jackson a kan ganguna, Steve Cropper da jita, Donald Dunn da jitar bas mai kaurin murya. Biyu baƙaƙe ne, biyu farare, a garin da ba a daɗe da daina hana su cin abinci a teburi ɗaya ba. Wani abin mamaki, ba hoton Otis aka sa a bangon faifan ba, hoton wata Baturiya aka sa. Otis ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 10 ga Disamba 1967 yana da shekara 26. Shekara na zagayowa mai kamfanin Stax ya gano cewa takardar da ya sa wa hannu tun 1965 ta mallaka wa kamfanin Atlantic na New York kusan duk abin da suka ɗauka. Stax ya durƙushe a 1975, aka rushe ginin a 1989, sai a 2003 aka sake gina irinsa a wurin aka mai da shi gidan tarihi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kamfanin Motown na birnin Detroit abin ya fi haka muni, domin can da gangan ake ɓoye sunayen makaɗa. Sama da shekara goma wasu mutane da ake kira Funk Brothers suna kaɗa wa Supremes da Temptations da Stevie Wonder a wani ɗan ɗaki, ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. Marvin Gaye ne ya karya wannan al'ada a faifansa What's Going On na 1971. Ƙanensa ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai masu tayar da hankali, shi kuma ya ce ya gaji da waƙar soyayya zalla, zai yi magana a kan yaƙi da talauci da zaluncin 'yan sanda. Mai kamfanin, Berry Gordy, ya ƙi sakin waƙar farko, Marvin ya yi yaji ya ce ba zai ƙara ɗaukar komai ba sai an sake ta. Da ta fita ta karɓu, sai aka ba shi wuƙa da nama, ya haɗa waƙoƙi tara masu shiga cikin juna kamar hira guda, ya kuma sa aka jera sunayen makaɗan a jikin bangon. A nan ne mutane da yawa suka fara ganin sunan James Jamerson, mai jitar bas da suka shekara goma suna taka rawa da yatsansa. Jamerson ya rasu a 1983 yana da shekara 47, ba tare da wani abin kirki a hannu ba.

Kada mu yi saurin zargin Amurkawa. Kowane Bahaushe ya san Alhaji Mamman Shata, amma a tambayi mutum goma sunan mai kalangu ɗaya ko ɗan amshi ɗaya da ya bi shi shekara da shekaru, a ga nawa za su amsa. Haka abin yake ga 'yan amshin Ɗan Ƙwairo da na Ɗan Gurmu na Tawa.

Yanzu mu dawo gida. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobin Abzinawa a Mali da Nijar, samari suka kwararo Tamanrasset neman aikin leburanci, ba takardu, ba sana'a. Su ne aka laƙaba wa suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu akwai wani yaro daga yankin Tessalit, Ibrahim ag Alhabib, wanda sojoji suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963, wanda kuma ya fara haɗa jitarsa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajen 1979 ya haɗu a garin nan da Inteyeden ag Ablil da ɗan'uwansa Liya da Hassan ag Touhami, suka riƙa wasa a bukukuwan aure da zaman shayi. Daga nan ƙungiyar Tinariwen ta samo asali.

Me suke saurare? Irin kaset ɗin da muka ambata. Akwai na Larabawa kamar Rabah Driassa da Nass El Ghiwane na Maroko, akwai kuma Elvis Presley, Jimi Hendrix, Santana, Led Zeppelin, Bob Marley da Dire Straits. Shi Hendrix, kafin faifansa na farko ya fito a Landan a 1967, ɗan bayan fage ne shi ma, yana kaɗa wa Little Richard da Isley Brothers ana biyansa ladan dare. Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe, ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Santana kuwa, a faifansa na farko na 1969 akwai kiɗan da ya ɗauko daga Babatunde Olatunji, makaɗin ganga ɗan Nijeriya, wato abin namu ne ya je ya dawo da sabuwar riga. Amma a ganina wanda ya fi shiga hannun masu jitar sahara shi ne Mark Knopfler na Dire Straits, wanda faifansu na farko ya fito a 1978. Da yatsu yake fizgar tsirkiya, muryar jitarsa a wanke take ba hayaniya, kuma yana barin sarari tsakanin wannan sauti da wancan. Duk wanda ya saba da molo ko gurmi zai ji abin a jikinsa. Bombino na Agadas, wanda iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Tamanrasset a 1990 yana ɗan shekara goma, kuma a nan ya fara taɓa jita, ya faɗa da bakinsa cewa Hendrix da Knopfler ya riƙa kallo a bidiyo yana kwaikwayo.

Turawa masu rubutu a jarida sukan ce wannan kiɗa ɗan kiɗan Amurka ne da ya ɓace a sahara. Ban yarda da wannan ba. Mai kunne ya san taken tende ne na mata a ƙarƙashinsa, da tafi, da amshi, da jan murya irin na imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da mata ke yi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. Abin da kaset ya kawo shi ne kayan aikin, da kuma shaidar cewa talaka yana iya rataya jita ya faɗi abin da ke damunsa.

Sai kuma abin da ya sami makaɗan Memfis da Detroit ya same su su ma. Bayan da da yawansu suka amsa kiran Gaddafi suka shiga sansanin horon soja a Libiya daga 1980, duk wanda ya kawo musu kaset fari sai su rera masa a ciki, ya tafi da shi, a kwafa, a sake kwafa. Waƙoƙin suka zaga daga Kidal har Agadas ba sunan mai su, kuma a shekarun tawaye rashin sunan kariya ne, domin kama mutum da irin wannan kaset ba ƙaramar masifa ba ce. Haka kaset-kaset na marigayi Abdallah ag Oumbadougou suka yi yawo a Nijar. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhun Mali a nan Tamanrasset ranar 6 ga Janairu 1991, amma sai a 2001 Tinariwen suka fitar da faifansu na farko da duniya ta gani, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Tisdas na Kidal. Sama da shekara ashirin ke nan da farawa. Inteyeden, wanda tsofaffin ishumar ke ambato da girmamawa, bai ga wannan rana ba, domin ya rasu tun 1994.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A 2006 suka hau dandali ɗaya da Carlos Santana a Montreux, a 2007 suka buɗe wa Rolling Stones wasa a ƙasar Ayalan, a 2012 faifansu Tassili, wanda aka ɗauka cikin tanti a duwatsun Janet, ya ci lambar Grammy. Ƙannensu na Imarhan, 'ya'yan garin nan, sun gina ɗakin ɗaukar murya nasu na kansu a Tamanrasset, suka sa masa suna Aboogi, kuma a cikinsa suka yi faifan da ya fito a 2022 da wannan suna. Wanda ya san labarin Stax zai gane amfanin mawaƙi ya mallaki ɗakin da ake ɗaukar muryarsa.

Abin da ya dame ni shi ne shekaru ashirin ɗin nan na tsakani, da ma kiɗan namu na Hausa da aka ɗauka a bukukuwa a nan garin. Babu wani kamfani da ya ajiye su. Suna cikin akwatuna da adakar tsofaffi da kwalayen da ake zubarwa in za a tashi daga gidan haya. Zaren kaset ba ya jure zafi, yana mannewa, muryar tana dusashewa, kuma mutanen da za su ji su ce wane ne wannan, a gidan wane aka ɗauka, kullum raguwa suke yi. A Yamai akwai Mamman Sani, mai kaɗa ogan, wanda ya ɗauki kaset ɗaya a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka buga kwafi kamar ɗari. 'Yan Nijar sun shekara da shekaru suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kwafi ɗaya a wata ma'ajiya, kuma da yake an san mai shi, ya neme shi ya same shi, aka sake buga aikin a faifai a 2013, har ya je Turai yana wasa da furfurarsa.

Saboda haka mai irin wannan kaset a gida, kada ya sa shi a tsohuwar rikoda mai cin zare. A fara juya shi a hankali da biro daga farko har ƙarshe, a nemi rikoda mai lafiya a haɗa ta da kwamfuta a kwafe, sannan a kai wa dattijon da ya san zamanin ya saurara, a riƙe takarda da alƙalami a rubuta sunan mai rerawa, da mai jita, da mai ganga, da matan da ke tafi in an gane su, da shekara ko da ta kintace ce. A liƙa takardar a jikin kaset ɗin, a kuma sa sunayen a kan kwafin da ke cikin kwamfuta kafin a tura wa kowa ta waya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.