Akokan: A Auna Ƙasar Kafin a Yanka Fuloti

A da can, a Arlit kamfani ne ke gina gida. Ma'aikacin SOMAIR ko na COMINAK yana da ɗaki da famfo da lantarki a unguwar kamfani, wanda bai samu shiga ba kuwa sai ya haɗa langa-langa da tsoffin duro ya kafa bukka a gefen gari. Daga nan unguwannin Bukoki suka samo sunansu. Zinariyar Tchibarakaten, wadda aka fara rububinta a 2014 can kusa da iyakar Aljeriya, ta sauya wannan lissafin. Saurayin da ya yi wata shida a rami, in Allah ya ba shi sa'a, abin da ya fara nema in ya sauko shi ne fili da bulo. Haka ma ɗan'uwan da ke Tamanrasset ko Sabha, yana turo kuɗi ana saya masa fulotin da bai taɓa gani da idonsa ba.

A daidai wannan lokaci ne COMINAK ta rufe, ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta haƙo kusan tan dubu 75 na yuraniyom tun daga 1978. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Ga masu neman fili da kuɗi a hannu, ga kuma makeken filin da kamfani ya bari. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda za a dosa, shi ya sa mazauna Akokan ke da hujjar tambaya tun yanzu: wace ƙasa ce za a gina a kanta, kuma wa ya auna ta?

Tambayar tana da tushe. Kilomita kaɗan daga gidajen jama'a akwai tsibin dusar ma'adini da ta kai kusan tan miliyan 20, shimfiɗe a kan hekta 120. An cire mata yuraniyom, amma an bar sauran danginsa a ciki. Ɗaya daga cikinsu, radiyom, sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, kuma shi ne ke fitar da iskar radon. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. A fili tana bajewa, amma in aka ɗora ɗaki a kan ƙasar da ke fitar da ita, aka yi daɓen siminti mai tsagewa, aka rufe tagogi saboda ƙura ko sanyin hunturu, sai ta taru a inda yara ke kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari, radon na cikin manyan abubuwan da ke jawo sankarar huhu. Cutar kuma ba ta bayyana da wuri, tana iya ɗaukar shekaru masu yawa, lokacin da dillalin da ya sayar da filin ya daɗe da cinye la'adarsa.

Wani zai ce ai babu mahaukacin da zai yi gini a kan tsibin. Gaskiya ne. Sai dai matsalar Akokan ita ce tsibin ya riga ya shigo gari. A 2007 cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, sun nuna cewa an yi cikon titi da duwatsun ma'adini masu tururin guba har a gaban asibitin COMINAK. A Nuwamban 2009 Greenpeace ta zo ta auna, ta tarar da wuraren da tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500 a kan titin Akokan, bayan an ce an riga an share. Ta kuma samu gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwar Arlit. Duk wanda ya tashi a garin ya san inda irin waɗannan ƙarafa ke ƙarewa: azarar rufi, ƙofa, wani lokaci har tukunya. Magini mai neman tsakuwa da araha ba ya tambayar asalinta, kuma ba laifinsa ba ne, tunda ba shi da na'urar da zai gane.

Ba mu ne farkon waɗanda suka shiga wannan hali ba. A garin Grand Junction na jihar Kolorado a Amurka, an bar magina suna kwasar dusar yuraniyom kyauta suna cikon harsashi, har sai da gwamnati ta shafe shekaru tana fasa daɓe tana kwashe ƙasa daga dubban gidaje da makarantu. A Faransa kanta, a 2014, an fitar da wani iyali daga gidansu a Bessines saboda an gina shi a kan sharar ma'adinin yuraniyom. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗin gyara kuskure. Mu in gida ya tashi, ya tashi ke nan, kuma ba wanda zai iya cewa mai shi ya rushe abin da ya zuba guminsa na Tchibarakaten a ciki.

Tsarin rufe COMINAK ya tanadi kashe kimanin biliyan 95 na sefa, da lulluɓe tsibin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu, aikin da aka ce zai ɗauki shekara goma. Tun daga nan abubuwa da yawa sun faru. Dangantakar Yamai da kamfanin Orano ta lalace, a Disamban 2024 kamfanin ya ce ba shi da iko da ayyukansa a Nijar, a Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mutane da dama sun yi murna, kuma muna fahimtar dalili. Amma wanda ya karɓi shanu ya karɓi garke da kashinsa. Bashin tsabtace Akokan yana wuyan waɗanda suka kwashi yuraniyom shekara arba'in da doriya, kada a yafe musu ko dala. Amma shari'ar da ake yi da su ba za ta zama uzurin barin jama'a cikin duhu ba, domin SOPAMIN, kamfanin gwamnati, ta kasance mai hannun jari a COMINAK, kuma hukuma ce ke sa hannu a takardar fili, ba Orano ba.

Abin da muke nema ba ya buƙatar biliyoyi. Hukumar ARSN mai kula da tsaron nukiliya ta bi Akokan da Arlit unguwa-unguwa ta auna, tare da ƙungiyoyin garin a matsayin shaidu, don kada a maimaita abin da ya faru a 2009. A fitar da taswira mai nuna inda za a iya gini, da inda sai an kwashe ƙasa, da inda ba za a taɓa zama ba har abada. A manna ta a ofishin magajin gari, a karanta ta a rediyo da Hausa da Tamashek, a sa ta a intanet yadda na Aljeriya da Libiya za su gani kafin su turo kuɗi. Kada a yanka fuloti ko ɗaya a tsohon filin kamfani sai da takardar awo a haɗe da takardar mallaka. A kuma killace wuraren da aka hana ɗibar tsakuwa da yashi, a nuna wa magina inda za su ɗiba, don hani ba tare da madadi ba ba ya aiki a garin da kowa ke neman na abinci.

Akwai wani giɓi da ya kamata a faɗa. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, don haka babu kansilan unguwa da za a tare a bakin masallaci a tambaye shi. Kantomomin da aka naɗa su ne ke riƙe da hatimi, su ne kuma ya kamata su kira taron jama'a kafin duk wani rabon fili.

Kai kuma da ke shirin turo kuɗi, ka ce wa wanda zai saya maka ya tambayi abu uku: me ke wurin a zamanin kamfani, daga ina za a ɗebo tsakuwar, kuma ina takardar awo. In dillali ya yi dariya ya ce kowa ma haka ya saya, ka riƙe kuɗinka tukuna.